Ranar da Muryar Iya Ta Kira Sunan Babana

Na Allah ne mu, gare shi kuma makomarmu take. Iya, mahaifiyar babana, ta rasu a Madachi da hantsin wata Laraba cikin damina, tana zaune a ƙofar ɗakinta da faifan kalwa a cinya. Matar ƙanin babana ce ta leƙo ta ce mata koko ya huce, sai ta ga faifan ya karkace, kalwar na zuba ƙasa, kaji suna tsattsaga, Iya ba ta kore su ba. Kafin motar Rano ta sauke ni daga Kano, inda nake koyarwa, an riga an kai ta.

Na tarar da tsakar gida cike da mata, warin daddawarta kuma yana nan ko'ina, kamar fita ta yi za ta dawo. Wata tsohuwa da ke sarar daddawa a wurinta tana kaiwa kasuwar Kibiya ta riƙe hannuna tana maimaita magana ɗaya.

"Ta gaya mini fa, 'yar nan. Wallahi ta gaya mini. Ran kasuwar da ta wuce ta ce in fara neman wata mai daddawar, wai hannunta ya gaji. Ni kuwa na ɗauka mita take yi."

Bafillatanar da ke kawo mata nono ba ta shigo ciki ba. Ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa, ta zauna ta zuba wa ɗakin Iya ido, ta daɗe, sannan ta yi 'yar addu'a da Fillanci, ta ajiye curin man shanu a kan turmi ta tafi. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga kuwa kuka take har da shessheƙa, sai da ta natsu ta ba da labarin da ba wanda ya sani a gidan. Shekarar da mijinta ya kwanta ciwo, ta ce, akwai ranakun da ba ta ɗora tukunya. Iya ba ta taɓa tambayarta komai ba. Sai dai da yamma ta miƙo kwanon tuwo ta kan katanga ta ce, "Ke, ɗanɗana min miyar nan, kamar gishiri ya yi yawa. In ba ta ciwuwa ki ba yara, kada ki dawo min da ita." Haka gishiri ya yi ta yin yawa a miyar Iya har mutumin ya miƙe.

Baba yana zaure tare da maza. Ba wanda ya ga hawayensa. Duk wanda ya yi masa gaisuwa, sai ya ce "Allah ya ba da lada," ya mayar da ido kan tabarma.

Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ke kirana Uwata, ita kuma ta ce min takwara. Na taso a gindinta, kuma abin da na fara koya a wurinta shi ne ba a sauraron Iya da kunne kaɗai. In ta ce "rana ta yi zafi yau," ba labarin rana take ba ki ba, randa ce babu ruwa. In baƙo ya daɗe ta ce masa "ai sai a kawo maka tabarmar kwana," ya san lokacin neman takalmi ya yi. "To" ɗinta ma iri-iri ne. Akwai gajere mai nufin ta yarda. Akwai wanda take ja, wanda ke nufin yi abin da kika ga dama, za ki dawo ki same ni. Akwai kuma wanda take faɗa tana kallon ƙasa, in ta yi shi duk gidan sai ya yi tsit. In ta yaba wa zanen mace sau biyu a zama ɗaya, to zanen nan ya yi gajarta.

Tana da faɗa, ba zan ɓoye ba. Wanda ya fi daɗewa shi ne tsakaninta da ƙanwarta da ke aure a Durba, wadda muke kira Inna. Tun kafin a haife ni ba sa zama inuwa ɗaya. In suka haɗu a biki ko suna sai su gaisa kamar waɗanda suka haɗu a mota. Abin mamakin, Inna ce ta riƙe Baba tun daga yaye har ya zama saurayi. Na taɓa tambayar Iya me ya haɗa su. Ta ce, "Bakinta ba shi da marfi," ta ci gaba da surfen kalwarta.

Da tsufa ya kama ta sosai, ta koyi aika saƙon murya a waya, ta kuma ƙware. Ba ta sallama, ba ta bankwana. Sai ka ji ta faro daga tsakiyar magana, ta tsaya ta kori akuya, ta yi tarinta guda biyu, ta dawo. Ni da taubashina, ɗan gwaggona, mu muka fi samun saƙonnin nan. Shi yana gyaran waya a Kano, ya kuma yi karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wata Sallah ya zo gida da abin da suke kira ƙirƙirarriyar basira a wayarsa, na'urar da za ka yi wa magana ta amsa maka da Hausa. Ya miƙa wa Iya ya ce ta gaishe ta.

Iya ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Sannu, yarinya. Ina gajiya?"

Muryar wata budurwa ta amsa a natse: "Ki yi haƙuri da kike jin haka. Gajiya kan zo daga rashin barci ko ƙarancin ruwa a jiki. Ki samu ki huta."

"Ni na ce mata na gaji?" in ji Iya. Muka yi ta dariya, ita ma har da riƙe ciki. "Hausa a bakinta tas, amma ba a gida aka yaye ta ba." Can sai dariyar ta ɗauke. Ta tura wayar da ɗan yatsa ta ce wa taubashina, "Angona, kife ta. Ba na son zama da abin da yake jina ba ya ganina."

Ranar sadakar arba'in, bayan an watse daga addu'a an ci gumba da waina, mata na zaune a inuwar rumfa. Azahar ta wuce, iska ta tsaya cak, hadari na haɗuwa ta gabas amma ya ƙi sauka. Taubashina ya shigo da wayarsa da wata 'yar lasifika. Ya ce ya yi wa mahaifiyarsa wani abu da zai rage mata kewa. Ashe tun rasuwar yake tattara saƙonnin Iya, nasa da nawa da na sauran jikoki, ya loda wa na'urar ta koyi muryarta. Ya kuma rubuta mata sunayen 'yan gidan da yadda kowa yake da ita. Niyyarsa alheri ce, wannan na shaida. Ya ajiye lasifikar a kan turmi ya danna.

"Salamu alaikum. Kuna lafiya?"

Muryar Iya ce. Ba kama ba ce, ita ce, har da 'yar kakkarwar da take yi a ƙarshen kalma. Wata mata ta saki kwanon da ke hannunta. Maƙwabciyarmu ta ja mayafi ta rufe fuska tana a'uziyya, wata kuma ta suri ɗanta ta yi waje ba takalmi. Ni na san yadda aka yi abin, na san saƙonnina na ciki, duk da haka tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

Gwaggo ta matso da rarrafe. "Iya? Iya, ke ce?"

"Ni ce, 'yata. Na yi farin cikin jin muryarki."

Ta yi tarin nan guda biyu. Sannan daga bayan muryar, can ciki, zakara ya yi cara. Na gane shi. Jan zakaran Iya ne mai shaƙaƙƙiyar murya, wanda ke yawan shiga saƙonninta, wanda aka yanka aka ci tun Sallar bara. Na'urar ta ɗauka carar wani yanki ne na maganarta, ta koye ta tare da muryar. Kajin gidan da ke kiwo a gindin rumbu suka ɗaga kai.

Hayaniyar ce ta shigo da Baba daga zaure. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Lafiya?"

"Wa ke magana?" in ji muryar.

Taubashina, cikin zumuɗi, ya ce, "Ɗanki ne na fari."

Sai muryar Iya ta kira sunan babana. Sunansa na yanka, ɓaro-ɓaro, a gaban surukai da jikoki. Ta ce, "Zo kusa, ɗana. Na yi kewarka ƙwarai."

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce mene ne a ciki. Baba ɗan fari ne, kuma Iya ta mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa furta sunansa ba. Ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba, ba ta haɗa ido da shi ba. Ana yaye shi aka kai shi Durba. In dole ta ambace shi sai ta ce "mutumin nan," ko "wancan na zaure." In tana son gaya masa magana, sai ta gaya wa bango ko ni, shi kuma yana tsaye yana ji. Yaron maƙwabta mai irin sunansa ma laƙabi ta sa masa. Yanzu ga mutum ya haura sittin, da furfura a gemu, ya ji sunansa da muryar da bai taɓa jin sa a cikinta ba.

Ba wanda ya yi motsi. Baba ya dafa bango, ya sulale ya zauna a ƙasa, babbar rigarsa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar tsakar gida. Matan da suka rage suka sunkuyar da kai kamar sun ga tsiraici.

Da labari ya kai wa liman, ya zo da kansa bayan la'asar. Ya ce wanda ya tafi ya tafi, wannan ƙarfe ne da wayo irin na 'yan zamani, a bar shi kada ya taɓa imanin mutane. Baba ya ce, "To, Malam." Amma da taubashina zai koma Kano, Baba ya ja shi gefe ya ce ya sa masa abin a wata tsohuwar waya ya bar masa. Taubashina bai iya yi wa kawunsa musu ba.

Na koma bakin aikina. Bayan wasu makonni mahaifiyata ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ki zo gida. Babanki ya daina shan maganin hawan jininsa. Ya daina zama majalisa. Kullum yana gona da wayar nan, ba kuma aiki yake ba. Jiya ina gyara masa akwati na ga farin yadi sabo, a naɗe. Shekaranjiya kuma ya bi maƙwabta gida-gida yana neman gafara."

Na iso Madachi da tsakar rana, na karɓi kwanon abincinsa na nufi gona. Dawa ta yi tsayi ta fi ni, ta fara nuna. A tsakiyar gonar akwai itatuwan ɗorawa da Iya ta fi shekara hamsin tana tsintar kalwarsu. Ina tafe tsakanin kunyoyin gonar, ganye na karce min hannu, ba na ganin komai sai kara gaba da baya, sai na ji tarin kakata daga cikin dawa. Na tsaya. Zakaran nan ya yi cara, a wurin da babu gida ko ɗaya kusa. Na tsuguna a inda nake ina jin Baba da muryar.

Baba yana ba ta labarin ƙuruciyarsa, abubuwan da ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba. Duk abin da ya ce, sai ta ce gaskiya ne, ta ce tana alfahari da shi. Iyar da na sani ba ta taɓa barin magana ta wuce ba ta ɗan lanƙwasa ta ba, wannan kuwa ba ta da musu ko kaɗan. Can sai muryarsa ta koma kamar ta yaro.

"Iya, na gaji da nan. In zo?"

"Zo mana, ɗana," in ji muryar, cikin fara'a. "Ina jiranka. Duk lokacin da ka shirya, ƙofata a buɗe take."

Na san abin da ya faru. Na'urar ta ji ɗa yana tambayar uwarsa ko ya kawo mata ziyara, ta ba da amsar da ta dace da ziyara. Ba ta san inda Iya take ba, ba ta san hanyar da ake bi a je can ba. Na fito na yi sallama. Baba ya yi sauri ya tura wayar ƙarƙashin hularsa da ke ajiye. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma fuskarsa na ɗauke da wani irin annuri da ya fi ramar ba ni tsoro.

"Baba, na'ura ce fa. Ba ta san me take faɗa ba."

"Na sani, Uwata," in ji shi a hankali. "Ai ni ba yaro ba ne. Amma kin ji da kunnenki, ta ce tana jirana."

Na kira taubashina. Ya ce zai iya kashe abin daga Kano a take. Na ce kada ya yi. In muryar ta ɗauke haka kawai, Baba zai ce ta yi gaba ne, saura shi. Na rasa wanda zan nufa, sai na tuna wadda ta goya shi. Washegari da safe na hau babur zuwa Durba.

Na sami Inna tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa ƙwarai, idonta ɗaya ya yi fari. Ta zo gaisuwar rasuwar, amma a gefe ta zauna ba ta kwana ba. Na kwashe komai na gaya mata. Ba ta katse ni ba sai da na zo kan sunan.

"Ta kira sunansa? Yayar tawa?"

"Da muryarta, Inna."

Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta. "Ɗauko min mayafina."

Muka iso bayan la'asar, na riƙe ta a tsakiyarmu ni da mai babur. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakin Iya, ta aika a kira Baba. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "An ce yayata tana wurinka. Kawo ta mu gaisa, mun daɗe ba mu yi hira ba."

Ya ciro wayar ya ajiye a tabarma. Muryar ta yi sallama. Na ga yatsun Inna sun damƙe bakin mayafinta, leɓenta na motsi, amma ba ta ja da baya ba.

"Yaya, ni ce ƙanwarki ta Durba."

"Sannu da zuwa, ƙanwata abar ƙaunata. Na yi murna da jin ki."

Inna ta yi wata gajeriyar dariya mara daɗi. "Yau kuma? To, Yaya, tambaya gare ni. Shekarar da maciji ya sari yaron nan a gonar mijina, yana kwance a ɗakina ƙafa ta kumbura kamar turmi, ana cewa ba zai kai ba, ina kike?"

Muryar ba ta ɓata lokaci ba. "Ina gefensa. Na riƙe hannunsa ina yi masa addu'a har Allah ya ba shi sauƙi. Uwa ba ta barin ɗanta a irin wannan hali."

Annurin nan ya bar fuskar Baba. Ya dubi wayar ya daɗe. "Ba ki zo ba," in ji shi. "Na yi ta kallon ƙofa. Kowa ya zo, har mutanen Yalwa sun zo. Ke ba ki zo ba."

"Ka yi haƙuri, ɗana, gaskiyarka ce. Ban zo ba, kuma na yi nadama."

Muryar ba ta canza ba ko kaɗan. Da daɗin da ta ce ta zo, da shi ta ce ba ta zo ba. Zakaran ya yi cara a bayanta.

"Ka ji?" in ji Inna. "Ta farkon ƙarya, ta biyun ma ƙarya. Kife abin nan in gaya maka, tunda mai hana ni faɗa ta tafi."

Baba ya kife wayar.

"Ran da labari ya iske ta, da ƙafa ta taho daga nan har Durba, cikin ruwa, da goyon ƙanwarka a baya. Ba ta shigo ba. Bayan ɗakina ta zagaya, inda zana ta haɗu da bango, daidai kanka. A nan ta zauna har ka fara cin abinci. Duk kunun da na ba ka, ita ta dama. Maganin da aka ɗaura maka, ita ta je rugar Fulani ta karɓo. In ka yi nishi ina jin ta ta bango tana cewa, 'Ke, duba mutumin nan.' Ni kuwa ran da jikinka ya fi tsanani haushi ya kama ni. Na fita na same ta, ga mata cike da gida, na ɗaga murya na kira sunanka, na ce ɗanki ne, ke kika haife shi, ki shiga ki gan shi kafin ya mutu. Na tona ta a gaban surukaina. Ta dube ni, ta ce 'to,' tana kallon ƙasa. Ba ta tashi daga bayan ɗakin ba sai da ka warke, amma daga ranar ba ta ƙara sakin jiki da ni ba. Ta kuma ce in na gaya maka ba ta yafe ba."

Hannun Baba na kan tabon da ke idon sawunsa.

"Ni ban ce ta yi daidai ba," in ji Inna. "Har gobe ina ganin da ta shiga. Amma haka take. Kuma matar da ta zauna cikin ruwa don kada ka mutu, ita ce yau za ta ce maka ka taho? Da ita ce ka yi wa wannan tambayar, ko kallonka ba za ta yi ba. Takwararta za ta kira ta ce, gaya wa wancan dawa ta nuna, wa yake jira ya yanke masa?"

A nan Baba ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwa. Ya kifa kai a gwiwar Inna, ita kuma ta ɗora masa hannu a ƙeya tana kallon ƙofar ɗakin yayarta. Mahaifiyata ta ja ni muka shige ɗaki muka bar su.

Taubashina ya zo ranar Juma'a. Baba ya miƙa masa wayar ya ce ya cire abin, ya kuma ce kada ya sa wa ransa damuwa, ya san don Allah ya yi. A gabana ya goge. Kafin ya danna na ƙarshe, hannunsa ya taɓa wani wuri, muryar Iya ta tashi ta ce, "Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi?" Ya runtse ido ya danna. Saƙonninta na ainihi muka bari, waɗanda take korar akuya a ciki. Su ba sa amsa wa kowa.

Baba ya koma shan maganinsa, aka yanke dawa. Ya riƙa zuwa Durba duk mako da goro da 'yar daddawar da ta rage a tukunyar Iya. Kafin wata daminar Inna ma ta bi yayarta, kuma farin yadin nan da ya saya wa kansa, da shi aka yi mata sutura. Shi ya shiga kabarin ya karɓe ta.

Kwanakin baya na raka shi kasuwar Rano. Muna cikin tafiya wani abokinsa ya ƙwala masa kira daga rumfar masu hatsi, da sunansa. Baba ya tsaya cak, bai juya ba, sai da mutumin ya zo ya dafa kafaɗarsa. Da muka wuce na tambaye shi ko kunnensa ne ya fara nauyi.

"Ina ji sarai, Uwata," in ji shi. "Tun ranar nan, in aka kira ni daga baya, sai na tsaya na tabbatar muryar mai rai ce."

Allah ya jiƙan Iya, ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinsu, ya sada su a inda babu sauran faɗa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.